IN AN YARDA DA SU, DON ME AKE KULLE SU?

Ranar Litinin, 21 ga watan Afrilu, 2025, da safe, Paparoma Faransis ya rasu a masaukinsa na Santa Marta cikin Batikan, yana da shekara 88 a duniya. Kwana 17 bayan haka, watau ranar 8 ga Mayu, wani mutumin Amurka mai suna Robert Prevost ya fito kan barandar majami'ar Bitrus, aka shaida wa duniya cewa ga Paparoma Leo na 14. Abin da ya gudana tsakanin waɗannan ranaku biyu shi nake so mu duba tare da mai karatu, domin akwai wata tambaya a cikinsa wadda ta wuce sha'anin Katolika, ta shafi duk inda 'yan Adam suka taru za su miƙa wa ɗayansu ragamar sauran.

Ga tambayar. Mutanen da ke yin wannan zaɓe, waɗanda ake kira kadinal, su ne dattawan da ikilisiyar Katolika ta tace ta sake tacewa. Mafi yawansu sun yi shekara arba'in ko hamsin suna hidimar addininsu, kuma su da mabiyansu sun yi imani cewa Ruhu Mai Tsarki yana tare da su a cikin aikin. Amma duk da haka, in lokacin zaɓe ya yi, sai a tattara su a gida ɗaya, a karɓe wayoyinsu, a hana su jarida da rediyo da talabijin, a rantsar da su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a ja ƙofa a kulle, kai ka ce masu laifi ne. Sunan taron ma da Latinanci, conclave, ma'anarsa "da makulli". To, in an yarda da su, don me ake kulle su? In kuwa ba a yarda da su ba, don me aka bar musu zaɓen shugaban mutum wajen biliyan 1.4?

Kafin mu kai ga ƙofar da ake kullewa, bari mu fara daga gawa. Sarautar Paparoma sarauta ce wadda ba ta da yarima. Ba ɗa, ba ƙane, ba mataimakin da zai hau kai tsaye, kuma doka ta hana kowa, ko da kadinal ne, ya yi ƙulle-ƙulle a kan magaji muddin Paparoma yana da rai. Da zarar ya cika, wani kadinal mai riƙe da muƙamin Kamalengo, watau kamar ma'ajin fada, shi ke tabbatar da mutuwar, ya sa a rufe ɗakunan mamacin a buga musu hatimi. A 2025 Kadinal Kevin Farrell ne ya yi wannan aiki. Daga nan a ɗauko zoben Paparoma, wanda ake kira zoben masunci saboda hoton Bitrus da ke jikinsa, tare da hatiminsa na darma, a ɓata su, don kada wani ya rubuta takarda bayan mutuwa ya buga mata hatimi ya ce umarnin marigayi ne. Kusan dukan shugabannin ma'aikatun Batikan, har da babban sakatare wanda shi ne na biyu a iko, muƙaminsu yakan faɗi a wannan sa'a.

A tsawon kwanakin da kujera take ba kowa, taron kadinal-kadinal ne ke riƙe da gida, amma riƙo ne irin na mai ajiya. Suna iya shirya jana'iza, su biya buƙatun yau da kullum, su sa ranar zaɓe. Ba su da ikon naɗa bishop ko ɗaya, ko canza harafi ɗaya cikin dokar da Paparoma ya kafa, balle dokar zaɓen kanta. In mai karatu ya lura, tun gawa ba ta yi sanyi ba an riga an nuna ba a saki jiki da na kusa ba. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, ita kuwa wannan doka ta san cewa ranar da bafade ya fi haɗari ita ce ranar da babu sarki. Jana'iza takan zo tsakanin kwana 4 da 6, makoki kwana 9 ne, zaɓe kuma a ƙa'ida bayan kwana 15, kada ya wuce 20. An binne Faransis ranar 26 ga Afrilu a majami'ar Santa Maria Maggiore, cikin akwati guda maimakon uku da aka saba, kamar yadda ya yi wasiyya, ba kuma abin da aka rubuta a kan kabarin sai sunansa.

Asalin makullin nan kuwa, in aka bi tarihinsa, abin dariya ne, abin kunya kuma. A watan Nuwamba na 1268 Paparoma Kilemen na 4 ya rasu a garin Bitarbo, arewa da Rum. Kadinal-kadinal kusan ashirin suka zauna zaɓe, suka rabu gida biyu, masu goyon bayan Faransawa da masu ƙinsu. Shekara ta zagayo ba Paparoma, ta biyu ta kama hanya. Da mutanen garin suka gaji da gafara sa ba su ga ƙaho ba, sai hukumarsu ta kulle dattawan nan cikin fada, aka rage musu abinci ya koma burodi da ruwa, daga baya ma aka kware rufin ɗakin, rana ta dake su, ruwa ya dake su. Uku daga cikinsu sun rasu kafin a gama. Sai ranar 1 ga Satumba, 1271, bayan shekara biyu da wata tara, aka sami mafita. Sun wakilta mutum shida daga cikinsu, su kuma suka zaɓi Teobaldo Visconti, wanda ba kadinal ba ne, ko firist ma bai zama ba tukuna, kuma a lokacin yana can Akka a ƙasar Falasɗinu. Shi ne Giregori na 10. Abin da mutanen gari suka yi cikin fushi, shi ya mayar da shi doka a babban taron Liyon na 1274: a kulle masu zaɓe a wuri ɗaya, in kwana uku suka wuce ba su gama ba a rage musu abinci, in an ƙara kwana biyar ya koma burodi da ruwa da ruwan inabi, kuma a tsayar da kuɗin da suke samu daga baitulmalin Paparoma har sai sun gama.

Ke nan makullin farko bulala ne. An yi shi don a matsa wa na ciki, saboda an gane cewa mutum, komai furfurarsa, in jinkiri yana yi masa daɗi zai yi ta jinkiri yana kiransa nazari. Su kansu kadinal-kadinal ba su ji daɗin dokar ba, a 1276 aka dakatar da ita, kuma za mu ga abin da wannan ya haifar nan gaba kaɗan.

Da zamani ya ja, sai makullin ya sami aiki na biyu, watau tsare na ciki daga na waje. A 1378, shekara ɗaya bayan Paparoma ya komo Rum daga Abinyo ta ƙasar Faransa, kujera ta zama ba kowa. Jama'ar Rum suka kewaye wurin zaɓe suna ihu, su dai a ba su ɗan Rum, ko aƙalla ɗan Italiya. Aka zaɓi Urban na 6, wanda shi ne mutum na ƙarshe da ya hau ba tare da ya zama kadinal ba. Bayan 'yan watanni, da halinsa ya gallabe su, sai waɗanda suka zaɓe shi suka ce ai tsoro ne ya sa su, suka zaɓi wani. Aka wayi gari da Paparoma biyu, kowa yana korar ɗan'uwansa daga ikilisiya, a 1409 ma suka zama uku, ba a ɗinke ɓarakar ba sai 1417. Ko a zamanin da bai yi nisa ba, a 1903, wani kadinal daga Karako ya miƙe cikin ɗakin zaɓe ya sanar cewa Sarkin Ostiriya, Franz Joseph, bai yarda a zaɓi Kadinal Rampolla ba, alhali Rampolla ne ke kan gaba. Wanda ya hau a wannan zaɓe, Fiyus na 10, bai yi nawa ba: a 1904 ya kafa doka cewa duk kadinal ɗin da ya sake ɗauko saƙo irin wannan daga wata gwamnati, korarre ne daga ikilisiya.

Yanzu mu shiga ɗakin. Dokar da ake bi ita ce wadda Yohanna Bulus na 2 ya kafa a 1996, tare da gyare-gyaren Benedik na 16. Kadinal ɗin da ya kai shekara 80 ba ya jefa ƙuri'a, tun daga hukuncin Bulus na 6 a 1970. A 2025, cikin kadinal 252, mutum 135 ne suka cancanta, biyu ba su zo ba saboda rashin lafiya, saura 133. Suna kwana a Santa Marta, suna zaɓe a ɗakin ibada na Sistina. Masu dafa musu abinci da likitoci da direbobi duk sai sun yi rantsuwar riƙe sirri. In masu zaɓe sun gama tasu rantsuwar, sai mai kula da tsarin ibada ya ɗaga murya ya ce kowa ya fita, a rufe ƙofa. Ranar farko ƙuri'a ɗaya, sauran ranaku biyu da safe biyu da yamma. Kowane kadinal yakan rubuta suna a 'yar takarda, kuma an umarce shi ya sāke rubutunsa yadda ba za a gane hannunsa ba. Ya naɗe ta, ya ɗaga ta sama, ya taka zuwa gaban bagade, ya faɗa da ƙarfi cewa ya kira Almasihu, wanda zai yi masa shari'a, ya zama shaida cewa wanda ya rubuta shi ne wanda yake gani a gaban Allah ya cancanta. A bangon da yake fuskanta kuwa akwai babban zanen Mikelanjelo na ranar hisabi. Mutum uku da aka fitar ta hanyar ƙuri'a su ƙidaya, wasu uku su sake dubawa, a soke takardun da allura da zare, a ƙone su. Baƙin hayaƙi, ba a dace ba. Farin hayaƙi, an sami Paparoma. Ana bukatar kashi biyu cikin uku, watau ƙuri'a 89 a 2025, kuma an kai ga haka a zagaye na huɗu.

A nan ne, a nawa ɗan tunani, amsar tambayarmu take. Mu duba wanda ake ɓoye wa ƙuri'ar kadinal. Ana ɓoye ta ga sarakuna da gwamnatoci, ga 'yan jarida, ga mutanen ƙasarsa da za su ce don me bai zaɓi nasu ba, ga abokinsa da ke zaune kusa da shi yana sa rai, sa'an nan uwa uba ga wanda zai ci zaɓen, mutumin da gobe zai iya ɗauke shi daga kujerarsa da takarda ɗaya. Mutum nawa ne za su iya ɗaga hannu a fili su ƙi wanda suka san zai zama ubangidansu kafin faɗuwar rana? Dokar ta bi idanun mutane ɗaya bayan ɗaya ta kawar da su daga kan mai zaɓe, ta bar shi da ido ɗaya tak, wanda ya yi imani yana ganin zuciya. Saboda haka aikin makullin shi ne ƙwace wa mai zaɓe uzuri. In ya zaɓi wanda bai cancanta ba, ba shi da damar cewa sarki ne ya tilasta shi, ko taron jama'a ne ya tsorata shi kamar yadda na 1378 suka ce, ko kunyar wane ce ta hana shi. Abin da ya rage son zuciyarsa ne kawai, ya kuma rantse a kansa da bakinsa. Watau an yarda da shi har an ba shi zaɓe, amma an tuna cewa ɗan Adam tara yake bai cika goma ba.

Sai dai mai karatu zai iya cewa, kuma da gaskiyarsa, dare rigar mugu ne. Duhun da ke ba mai tsoron Allah 'yanci shi ne ke ba maras tsoronsa mafaka, kuma daga waje ba mai iya rarrabe su. Bayanin yawan ƙuri'un kowane zagaye akan sa shi cikin ambulan a liƙe a ajiye, ba mai buɗewa sai da izinin Paparoma. Mabiyan da za a shugabanta ba su da ta cewa. Babu mace ko ɗaya cikin masu zaɓe, duk da cewa mata masu zaman zuhudu ne ke ɗauke da makarantu da asibitocin ikilisiyar a ƙasashe da yawa. Nijeriya, mai miliyoyin Katolika, ƙuri'a ɗaya gare ta a 2025, ta Kadinal Peter Okpaleke, alhali Italiya tana da 17. Daɗin daɗawa, mamacin kansa yana da hannu cikin ɗakin, domin 108 daga cikin 133 Faransis ne ya naɗa su.

Wannan suka tana da nauyi, amma ya kamata a raba ta gida biyu. Maganar buɗe zaɓe ga kowa an taɓa gwada ta. A ƙarnonin farko limamai da jama'ar Rum ne ke zaɓen bishop ɗinsu, kuma a shekara ta 366, da magoya bayan Damasus da na Ursinus suka kara, wani marubucin tarihi na zamanin ya ce an ƙidaya gawa 137 a majami'a ɗaya. A ƙarni na 10 manyan gidajen Rum suka mayar da kujerar abin gadonsu, har a 955 aka ɗora wani saurayi da bai wuce shekara ashirin ba, Yohanna na 12. Gudun irin wannan ne ya sa a 1059 aka mayar da zaɓe hannun kadinal-kadinal, a 1179 kuma aka kafa sharaɗin kashi biyu cikin uku. Hannun mamaci ma bai kai ƙarfin da ake zato ba, domin waɗanda Yohanna Bulus na 2 da Benedik suka naɗa su ne suka zaɓi Faransis a 2013, mutumin da salonsa ya bambanta da nasu ƙwarai. Don haka ni dai ina tare da sirrin ƙuri'a. Amma sirrin ƙuri'a daban, ƙarancin masu ƙuri'a daban, kuma hujjar da ta kare na farko ba ta kare na biyu ba. Tarihin Damasus yana nuna haɗarin taron da ba tsari, bai nuna cewa dole ɗakin ya zama na maza kaɗai ba, ko Turai ta fi kowace nahiya kujeru. Sirrin kansa ma, a faɗi gaskiya, yoyo yake yi. Bayan zaɓen 2005 wata mujallar Italiya ta buga abin da ta ce littafin ajiyar bayanin wani kadinal ne, da yawan ƙuri'un kowane zagaye. Ƙofa ake iya kullewa, bakin mutum sai mai shi.

Akwai wani sashe na dokar 1996 wanda ya fi kowane daure mini kai, kuma ina ganin a nan ne maganar ɗa'a ta fi tsanani. Ya ce in ya zamana an sayi ƙuri'a da kuɗi ko da alkawarin muƙami, duk masu hannu a ciki korarru ne daga ikilisiya nan take, amma zaɓen yana nan daram, ba mai ƙalubalantarsa saboda wannan. A farkon ƙarni na 16, bayan zargin da ya biyo zaɓen Iskandar na 6 na gidan Borjiya a 1492, Paparoma Juliyus na 2 ya yi hukunci cewa zaɓen da aka saya ɓatacce ne. Wannan shi ne abin da zuciya ke so ta ji. To, me ya sa na baya suka janye shi? Saboda sun tambayi kansu: wa zai yanke hukuncin cewa an saya? In aka ce zaɓen da aka saya ba zaɓe ba ne, duk wanda bai ji daɗin sabon Paparoma ba zai tashi ya ce an saya, ya tara magoya baya, a koma gidan jiya na 1378. Sun auna Paparoma ɗaya mai datti da ikilisiya mai kai biyu, suka ga na farkon ya fi sauƙi, tun da shi zai mutu, ɓaraka kuwa takan binne waɗanda suka fara ta, ta ci gaba.

Na fahimci wannan hujja, amma ba zan ce ta kwanta mini sarai ba. Abin da take faɗa wa mai niyyar saye shi ne: in ka iya jure wa hukuncin lahira, na duniya ba zai taɓa kujerarka ba. Ga mai imani wannan babbar barazana ce. Ga wanda ya riga ya yanke shawarar sayen kujerar Bitrus kuwa, ai ya nuna tun farko yadda ya ɗauki lahirar. An zaɓi zaman lafiya a kan adalci, da ido buɗe, kuma abin da zan yaba kawai shi ne ba a ɓoye ba, an rubuta shi baƙi da fari inda kowa zai karanta. Irin wannan lissafi ne kuma ya sa Benedik a 2007 ya soke sassaucin da dokar 1996 ta yi, na cewa in an yi zagaye talatin da 'yan kai ba a dace ba, rinjaye kaɗan ya isa. Ya ga cewa in haka ne, masu rabi da ɗaya za su naɗe hannu su jira kawai, ba ruwansu da lallashin sauran.

To, ina matsayin Allah a cikin wannan duka? Jama'a da yawa, har cikin Katolika, sun ɗauka cewa koyarwar ikilisiya ita ce Ruhu Mai Tsarki ne ke nuna mutumin da yatsa. A 1997 aka yi wa Kadinal Ratzinger, wanda daga baya ya zama Benedik na 16, wannan tambaya a gidan talabijin na Babariya. Amsarsa a taƙaice ita ce Ruhu ba ya karɓe aikin daga hannun mutane, yana yi ne kamar malamin kirki da ke sakar wa ɗalibi mara ba tare da ya yashe shi ba, kuma akwai Paparoma da yawa a tarihi waɗanda a fili yake Ruhu ba zai zaɓe su ba. Abin da aka lamunce kawai, in ji shi, shi ne al'amarin ba zai lalace ɗungum ba. Ga wanda ya yi wannan imani, babu karo tsakanin addu'a da makulli. Wanda zai ce makulli alamar raunin imani ne, shi ne wanda yake so ya jingina wa Allah zaɓen da shi ya yi da hannunsa.

Saura magana ɗaya da akan ji a bakin mutane, cewa wanda ya fi cancanta da mulki shi ne wanda ba ya sonsa. Mutanen Rum suna da karin magana cewa wanda ya shiga ɗakin zaɓe yana Paparoma, kadinal zai fito. Doka ta hana yaƙin neman zaɓe da alkawura da yarjejeniya. Amma tarihi ya gwada wannan ra'ayi har ƙarshensa, sau ɗaya. Bayan an dakatar da dokar Giregori, kujera ta sake zama ba kowa daga 1292 zuwa 1294. Wani tsoho mai zaman kaɗaici a kan dutse, Pietro na Morrone, ya aika wa kadinal-kadinal wasiƙa yana gargaɗinsu da fushin Allah, su kuwa da suka rasa yadda za su yi, sai suka zaɓe shi. Ya hau da sunan Selestin na 5. Ba wanda ya taɓa shakkar tsarkinsa, amma bai san mulki ba ko kaɗan. Sarkin Nafuli ya mallake shi, masu neman muƙami suka yi ta karɓar sa hannunsa, har akan ba mutum biyu ko uku muƙami guda. Bayan wata biyar, ranar 13 ga Disamba, 1294, ya tuɓe rawani da kansa. Magajinsa, Bonifas na 8, ya tsare shi a wani gidan sarauta a Fumone don kada a yi amfani da shi a raba ikilisiya, a can ya rasu a 1296. A 1313 aka sa shi cikin waliyyai, amma masana da dama suna ganin shi ne mutumin da mawaƙi Dante ya ajiye a bakin wuta saboda ragonci. Cikin 'yan abubuwan da ya bari masu amfani akwai maido da dokar kulle. Ƙin mulki, ashe, yana iya kare mutum daga girman kai, amma ba ya koya masa riƙon jama'a. Ina jin saboda haka ne dokar yanzu take roƙon wanda aka zaɓa kada tsoron nauyin ya sa ya ƙi.

Idan ƙuri'u suka cika, babban kadinal yakan je gaban mutumin ya tambaye shi ko ya karɓa, sa'an nan da wane suna za a kira shi. A 2025 Kadinal Pietro Parolin ne ya yi tambayar. Daga nan a kai shi wani ɗan ɗaki da ake kira ɗakin hawaye, inda fararen riguna suke jira, babba da matsakaiciya da ƙarama, tun da maɗinki bai san wanda zai sa ba. Daga sa'ar da ya ce ya karɓa, in dai bishop ne, ya zama Paparoma, ba a jiran tabbacin kowa. Waɗanda suka shiga tare da shi a matsayin tsara su zo ɗaya bayan ɗaya su yi mubaya'a.

Abin lura shi ne duk tsantsenin da muka gani, zobe da hatimi da rantsuwa da makulli, a kan masu zaɓe yake. A kan wanda aka zaɓa babu ko ɗaya. Dokar ikilisiya ta ce ba mai yi wa kujerar farko shari'a. Ba wa'adi, ba majalisar da za ta tsige shi, ba inda za a ɗaukaka ƙara. Hukumar da ta ƙi sakin jiki da mutum 133 na kwana biyu, ita ce ta saki jiki da mutum ɗaya har iyakar ransa, alhali daga cikinsu ya fito, da irin zuciyarsu. Ban da mutuwa, hanya ɗaya ce ke raba shi da kujerar, watau ya sauka don kansa, kuma ko murabus ɗin ba ya bukatar amincewar kowa. A watan Afrilu na 2009 Benedik na 16 ya ziyarci makwancin Selestin a garin L'Aquila, ya ajiye mayafin ulu na muƙaminsa a kai, mutane ba su kawo komai a ransu ba. Ranar 11 ga Fabrairu, 2013, ya sanar da Latinanci cewa ƙarfinsa ya gaza, zai sauka, abin da rabon a gani tun 1415. Ranar 28 ga watan, jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi zuwa Kastel Gandolfo. Da ƙarfe takwas na dare masu gadin Paparoma 'yan Suwizalan suka ja ƙofar gidan suka rufe, suka bar wurin tsayuwarsu, domin a wannan sa'a babu Paparoman da za su tsare.